Gawa Biyar da Dariya: Fim ɗin Charade da Bashin da Hitchcock Ke Bin Sa

 

Fim ɗin da zan yi magana a kansa ya girmi mafi yawan waɗanda ke zaune a ɗakin nan. Sunansa Charade, ya fito a Amurka a watan Disamba na 1963. Stanley Donen ne ya ba da umarni, Peter Stone ya rubuta, Henry Mancini ya yi kiɗa, Cary Grant da Audrey Hepburn suka ja ragamar wasa. Tun da wuri ina neman afuwar wanda bai kalla ba, domin zan tona ƙarshensa. Babu yadda za a yi a feɗe fim irin wannan a bar hanjinsa a ciki.

Masu sharhi sun daɗe da laƙaba masa wani kirari, wai shi ne fim ɗin Hitchcock mafi kyau wanda Hitchcock bai yi ba. Yabo ne, na yarda, amma yabon ya danne haƙƙin Donen. Abin da nake son nuna muku a yau shi ne Charade ya ari kayan aikin Alfred Hitchcock kusan kaf, bai ma ɓoye ba, sannan ya yi aikin da mai kayan bai saba yi da su ba.

Ga labarin a taƙaice. Fim yana buɗewa da jirgin ƙasa yana gudu a karkarar Faransa, sai aka wurgo wani mutum, ya gangaro ya tsaya da fuskarsa a gaban kyamara, matacce. Daga nan sai mu koma Megève, a tsaunukan Alps, inda matarsa Regina Lampert, wadda ake kira Reggie, take hutu tana gaya wa ƙawarta cewa ta gaji da auren, domin mijin nata Charles ya cika ɓoye-ɓoye. Tafinta ce, aikinta fassara a tarukan ƙasa da ƙasa. Ta koma Paris ta tarar an kwashe gidan tas, ko labule ba a bari ba. 'Yan sanda suka shaida mata Charles ya yi gwanjon komai a kan dala 250,000, an kashe shi a hanyar guduwa, kuma kuɗin sun yi layar zana. Abin da ya bari ƙaramar jaka ce: fasfo huɗu da sunaye daban-daban, tikitin jirgin ruwa zuwa Benezuwela, ɗan littafin alƙawura, man goge baki, da wata wasiƙa a cikin ambulan da aka manna wa kan sarki amma ba a jefa a gidan waya ba.

Sai wani mutum a ofishin jakadancin Amurka, mai suna Hamilton Bartholomew, ya kira ta ya warware mata tushen rigimar. A 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an aiki Amurkawa biyar, har da Charles, su kai wa 'yan gwagwarmayar Faransa zinare, suka binne shi da niyyar su dawo su raba. Jamusawa suka yi musu kwanton ɓauna, aka bar ɗayansu, Carson Dyle, a kwance ana zaton ya mutu. Charles ya riga sauran komawa ya kwashe. Yanzu ukun da suka rage suna Paris, kuma sun yi imani kuɗin suna wurin matar. Ita kuwa ba ta san komai ba. Mutum ɗaya ne ke taimaka mata, wani dattijon kwalisa da ta haɗu da shi a wurin hutu, wanda ya ce sunansa Peter Joshua. Daga baya ya zama Alexander Dyle, ya zama Adam Canfield, a ƙarshe ya zama Brian Cruikshank.

Duk wanda ya san Hitchcock zai riƙa ganin hannunsa a nan. Jirgin ƙasa nasa ne tun The Lady Vanishes na 1938. Mutumin da ba ruwansa, a wayi gari miyagu na bin sa saboda abin da bai sani ba, shi ne ƙashin bayan The 39 Steps na 1935 da North by Northwest na 1959. Abin nan da kowa ke kashe kowa a kansa, wanda Hitchcock ke kira MacGuffin, shi ma ga shi. A kai ƙarshen artabu wani sanannen wuri ko gidan wasan kwaikwayo, wannan ma tsohuwar al'adarsa ce: The 39 Steps ya ƙare a dandalin Palladium na Landan, Saboteur na 1942 ya ƙare a saman gunkin 'yanci na New York, North by Northwest a kan fuskokin shugabannin Amurka da aka sassaƙa a dutsen Rushmore. Charade ya kai nasa tsakanin ginshiƙan Palais-Royal, sannan ya shiga gidan wasa. Waɗannan aro ne a fili, ba sai na daɗe a kansu ba.

Babban aron shi ne Cary Grant da kansa. Fim huɗu ya yi da Hitchcock: Suspicion a 1941, Notorious a 1946, To Catch a Thief a 1955, da North by Northwest. Ɗan Bristol ne ta Ingila, sunansa na yanka Archibald Leach, wato mutumin da ya yi suna huɗu a Charade shi ma da sunan aro duniya ta san shi. Hitchcock ya gano wani abu a fuskarsa da sauran daraktoci ba su kula da shi ba: murmushin nan da ke sa mata su narke, idan aka ɗan rage haske, sai ya koma murmushin macuci. A Suspicion ya sa shi ya fito a matsayin miji maƙaryaci, ɗan caca, wanda matarsa, Joan Fontaine, ta fara zargin yana shirin kashe ta. Akwai fitowar da ba a mantawa, inda yake hawa bene da dare riƙe da kofin madara zai kai mata. Hitchcock ya sa an saka ƙwan fitila a cikin kofin domin madarar ta yi ta ƙyalli a cikin duhu, idon mai kallo ya kasa barin ta. A littafin da aka ɗauko labarin, mijin makashi ne. A fim kuwa aka wanke shi a minti na ƙarshe, domin kamfanin RKO bai ga yadda jama'a za su karɓi Cary Grant a matsayin mai kisa ba. Hitchcock ya faɗa daga baya cewa ƙarshen da ya so shi ne matar ta rubuta wa mahaifiyarta wasiƙa ta tona asirin, ta sha madarar, shi kuma mijin ya ɗauki wasiƙar da hannunsa ya kai gidan waya yana fito, bai san igiyar rataye kansa ya jefa ba.

To, matsalar Suspicion ita ce mai kallo ya ji an yaudare shi. An shafe fim guda ana tara hujja a kan mutum, sai a ce masa duk zato ne. Peter Stone ya ɗauki wannan matsala ya mai da ita injin fim ɗinsa. Tunda kowa ya san ba za a bar Cary Grant ya zama makashi ba, sai a yi wasa da wannan sanin. A kama shi da ƙarya, ya amsa, ya kawo sabon suna da sabon labari, Reggie ta yarda, mu ma mu yarda, bayan minti ashirin a sake kama shi. Kowane karo tana tambayarsa ko akwai uwargida mai wannan sabon suna, a karo ukun farko yana ba ta amsa iri ɗaya, cewa akwai amma sun rabu. Karo na farko tambaya ce ta mace mai neman sanin matsayinta. Karo na uku ta zama abin dariya. Amma ku lura, a daidai lokacin da muke dariyar, gawa tana ƙaruwa a cikin mutum ukun nan da ke neman kuɗin: an tsinci Scobie a nutse a baho, an yanka Gideon a cikin lifta, an ɗaure Tex an rufe masa fuska da leda. Duk wanda ya mutu, jerin waɗanda ake zargi yana raguwa, har ya zamana saura mutum ɗaya, shi ne wanda take so.

A nan ne hanyar Donen ta rabu da ta Hitchcock. A 1962 daraktan Faransa François Truffaut ya zauna da Hitchcock suka yi doguwar hira, wadda ta fito a littafi a 1966. A ciki Hitchcock ya bambance razana da zullumi da misalin bam. Mutum biyu na hira a teburi, bam ya tashi ba zato: mai kallo ya razana na daƙiƙa goma sha biyar. Amma idan aka nuna masa bam ɗin tun farko, aka nuna masa agogo, to hirar banza ma sai ta zama azaba, ya yi minti goma sha biyar yana ji kamar ya yi musu ihu su tashi. Ƙa'idarsa ke nan: ka sanar da mai kallo abin da jarumi bai sani ba. Shi ya sa bai cika son labarin nan na a gano wa ya yi kisa ba, yana ganin wasan ƙwaƙwalwa ne da ba ya taɓa zuciya. A Vertigo na 1958 har tona babban sirrin ya yi saura kusan kashi ɗaya cikin uku na fim.

Charade kuwa labarin wa ya yi kisa ne tsantsa, kuma mafi yawan lokaci a cikin duhu yake barin mu tare da Reggie. Sau biyu na ga ya bi ƙa'idar malamin sosai. Na farko, lokacin da aka nuna mana Peter Joshua ya shiga ɗakin miyagun nan suna magana kamar abokan cin mushe, ita tana ɗakinta tana ganin ta sami majiɓinci. Na biyu ya fi ƙarfi. Kusa da ƙarshe ta buga waya ofishin jakadanci ta bar saƙo, aka kai wa Bartholomew na gaskiya, sai ga wani mutum da ba mu taɓa gani ba yana cewa bai san wata Misis Lampert ba. Daga wannan daƙiƙa mun san tana gudu ne daga mai cetonta zuwa hannun makashinta. Wanda ta sani da Bartholomew shi ne Carson Dyle, bai mutu ba, ya yi zaman fursunan yaƙi da harsasai a jikinsa, ya dawo yana bin waɗanda suka bar shi ɗaya bayan ɗaya. Gudun da aka yi a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, da tsayuwarta tsakanin maza biyu kowa da bindiga kowa na cewa ta zo wurinsa, minti ne na Hitchcock zalla. Amma sun yi aiki ne saboda Donen ya yi rowar su har zuwa lokacin.

Me ya ɓoye mana Dyle tsawon fim? Dariya. Walter Matthau ne ya fito a wannan matsayi. Ranar da Reggie ta fara shiga ofishinsa, yana fama da tabo a laktayensa, yana miƙa mata burodi da nama a takarda, yana magana kamar ƙaramin ma'aikacin da aka bar wa jiran ofis lokacin cin abinci. Ashe jiran ofis ɗin ma na sata ne, ya faki idon mutane ne sun fita. Zuciyar ɗan Adam ba ta haɗa tsoro da mutumin da ya ba ta dariya. Hitchcock yakan yi mugu mai ladabi da kyan shiga, kamar James Mason a North by Northwest, amma yakan nuna maka shi da wuri. Stone da Donen sun ɓoye nasu a bayan shirme. Don haka barkwancin Charade yana cikin tarkon da aka ɗana wa mai kallo, da shi aka rufe bakin ramin.

Ku dubi jana'izar Charles. Coci fayau, daga Reggie sai ƙawarta sai sufeton 'yan sanda a baya yana yanke farce. Mutum na farko ya shigo, ya leƙa akwatin gawa, atishawa ta sarƙe shi. Na biyu, James Coburn, ya zaro madubi ya kara a hancin mamaci ya ga ko zai yi tururi. Na uku, George Kennedy, mai ƙugiyar ƙarfe a madadin hannu, ya banko ƙofa, ya zaro fil ya caka wa gawar. Babu wanda zai kalli wannan bai dara ba. Amma a cikin minti uku an gabatar da miyagu uku, an nuna halin kowa, an kuma gaya mana irin mutumin da Charles yake, wanda ko mutuwarsa sai an gwada kafin a yarda. Ba da jimawa ba Coburn ɗin nan ya ritsa Reggie a ɗakin buga waya yana ƙyasta ashana yana jefa mata a cinya ɗaya bayan ɗaya. Nan babu dariya ko kaɗan, kuma tsoron ya fi shiga domin ɗazu muka gama yi masa dariya.

Wannan iya auna lokaci daga wani gida Donen ya zo da shi. Ɗan rawa ne tun asali. Shi da Gene Kelly suka yi Singin' in the Rain a 1952, shi ya yi Seven Brides for Seven Brothers a 1954, ya yi Funny Face da Hepburn a 1957. Wanda ya saba ƙirga taku ya san inda ake jinkirtawa da inda ake zabura. Wasan lemo da aka yi a gidan rawa, inda ake miƙa lemo daga wuya zuwa wuya ba a sa hannu, rawa ce. Faɗan da Grant da Kennedy suka yi a kan rufin bene, shi ma rawa ce. Ƙarshen Dyle ma da kunne aka yi shi: yana takawa a kan dandamali yana neman Reggie, Grant na ƙasa yana bin sautin takunsa, har ya taka ƙofar da ke buɗewa ƙasa, aka ja mariƙi. Sannan akwai gadon fina-finan barkwanci na cacar baki tsakanin mace da namiji, irin Bringing Up Baby na 1938 da His Girl Friday na 1940, waɗanda Grant ya yi tashe da su kafin ma ya sadu da Hitchcock sosai.

Wani abu ya faru wajen shirya fim ɗin da ya gyara shi ba da niyya ba. Grant na da shekara 59 lokacin da fim ya fito, Hepburn na da 34. Ya ji nauyin a gan shi yana bin yarinyar da ya kusa haifa, sai Stone ya juya rubutun, ita ce ke bin sa, shi yana zillewa. Sakamakon haka Reggie ta zama mace mai baki, mai faɗin abin da take so, mai cin abinci duk lokacin da tsoro ya kama ta. Matan Hitchcock sau da yawa abin kallo ne, kyamara na leƙen su, labari na hukunta su. A Charade da idon macen muke kallo, namijin ne abin tuhuma.

Sai maganar kuɗin. Hitchcock yana alfahari da cewa abin da ake bi a fim ɗinsa ba shi da wani muhimmanci. A Notorious yuraniyom ne a kwalaben giya, a The Lady Vanishes wani ɗan sautin waƙa ne, a North by Northwest wasu asiran gwamnati ne da ba a taɓa faɗa mana ko mene ne ba. A Charade kuwa amsar ita ce daɗin fim. An zazzage jakar nan a gabanmu ba sau ɗaya ba, kowa ya karanta wasiƙar, ba wanda ya dubi ambulan. Charles ya saye kan sarki uku ne masu tsadar gaske ya manna: na Suwidin, na Hawai da na Moldabiya, dala 85,000 da 65,000 da 100,000. An ƙirƙire su ne a kan wasu kan sarki na gaskiya na shekarun 1850, aka ɗan sauya ƙimar da ke rubuce a jikinsu. Dabarar ɓoye abu a inda kowa ke gani ta girmi sinima, Edgar Allan Poe ya gina gajeren labarinsa The Purloined Letter a kanta tun 1844. Reggie ta riga ta ba ɗan ƙawarta su, yaron ya kai kasuwar kan sarki da ke ci kusa da Champs-Élysées ya yi musaya. Tsohon dillalin da ya karɓa ya mayar da su da kansa, ya ce ya ishe shi cewa sun taɓa zama nasa na ɗan lokaci. A fim ɗin da kowa ke ƙarya, mutum ɗaya mai amana shi ne wanda ya fi kowa sanin darajar abin. A ganina wannan ce fitowa mafi kyau a fim ɗin, kuma ba ta da kama da komai na Hitchcock.

Ba na cewa fim ɗin ba shi da aibi. Da wuya hankali ya ɗauka cewa baƙo zai shiga ofishin jakadancin Amurka ya zauna a kujerar wani ya karɓi baƙi. Kuma bayan duk wayon Reggie, da aka bayyana cewa masoyin nata jami'in baitulmalin Amurka ne, aka yi maganar aure, sai ta manta an yi mata ƙarya sau uku. Zurfin Notorious ko Vertigo ma babu shi a nan, ba a kuma neme shi ba.

Lokacin fitowarsa ma abin dubawa ne. Shi kansa Hitchcock ya bar wannan salo mai walwala, ya yi Psycho a 1960, ya yi The Birds a 1963. An harbe Shugaban Amurka Kennedy ranar 22 ga Nuwamba 1963, mako biyu kafin a fara nuna Charade, har sai da aka sake ɗaukar murya a inda aka ambaci kisan gilla. James Bond ya riga ya shigo da Dr. No a 1962, kuma Maurice Binder da ya tsara rubutun buɗe wancan fim shi ya tsara na Charade. Grant ya yi fim biyu kacal bayan wannan ya yi ritaya a 1966. Waɗanda suka biyo sawu, irin Silver Streak na 1976 da Foul Play na 1978, sun ba da dariya, amma tsoronsu bai kai ba. High Anxiety na Mel Brooks a 1977 kuwa tsokanar Hitchcock ce a fili. A 2002 Jonathan Demme, wanda ya ci Oscar da The Silence of the Lambs, ya sake yin Charade da sunan The Truth About Charlie, bai karɓu ba. 'Yan Indiya ma sun taɓa nasu a 2003, Chura Liyaa Hai Tumne. Labarin yana hannunsu duka, aunin ne ya kuɓuce musu. Wani abin ban dariya kuma, kamfanin Universal ya yi kuskure wajen rubuta shaidar haƙƙin mallaka a jikin fim ɗin, kuma bisa dokar Amurka ta wancan zamani sai ya zama na kowa tun ranar da ya fito, ban da kiɗan Mancini. Shi ya sa yake ko'ina a intanet, wani kwafin garau, wani dishi-dishi.

'Yan'uwana na Kannywood, na san an daɗe ana yi muku gorin wankiya, musamman daga fina-finan Indiya. Ba zan shiga wannan shari'a yau ba. Abin da zan ce shi ne Donen ya ɗebi jirgin Hitchcock, da jaruminsa, da dandalinsa, amma kafin ya taɓa su sai da ya gane dalilin da ya sa kowannensu ke aiki, har ya san wanda zai bi da wanda zai karya. Mai wankiya fitowa yake ɗauka, da kayan da aka sa da inda aka tsaya. Donen tambaya ya ɗauka, wadda Suspicion ya yi ya kasa amsawa, ya amsa ta da hanyarsa. Saboda haka ni ban yarda da kirarin nan ba. Charade fim ɗin Stanley Donen ne da Peter Stone, kuma a 2022 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin fina-finan da ake adanawa don tarihi.

Ɗalibai, ga aikin gida. Ku kalli Suspicion, ku kalli North by Northwest, sannan ku kalli Charade sau biyu. A kallo na biyu ku riƙe biro, duk inda kuka yi dariya ku rubuta abin da aka wuce da shi ta gabanku ba ku gani ba.